Fam Huɗu

Wasiƙar ta zo ran Talata da jiƙaƙƙen gefe,
don ruwan Aberaeron ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.
Har yau sunan Emrys ne a jikin ambulan,
shekara uku yana kwance a bayan coci.
Wai suna farin cikin sanar da shi.
Farin ciki!
Daga Afrilu, kuɗin intanet ya hau da fam huɗu.

Fam huɗu ba kuɗi ba ne, in ji wanda bai ƙirga ba.
Bara uku suka ɗora, bara waccan uku da rabi.
Ɓera ba ya ɗaukar buhu,
ƙwaya-ƙwaya yake ja,
ran da ka ɗaga sai ka ji sakayau.
Na juya ambulan, na lashi bakin fensir:
fansho a sama,
gas a ƙarƙashinsa, madara, man shafa na gwiwa,
da abincin karena Pero, wanda bai san tsada ba.

Gethin ya leƙo ta kan shinge da almakashin fure:
"Eluned, sauya su mana!
Rabin kuɗinki nake biya, ga gudu kamar walƙiya."
Gudu zuwa ina?
Ni dai ran Lahadi fuskar Nesta ta fito daga Dunedin,
ni da shayin safe, jikata da hammar dare,
kada ta daskare mini da baki buɗe
a tsakiyar dariya.

Amma sabo turken wawa ne, na sani.
Na buga musu waya.

Minti talatin da ɗaya ana kaɗa mini garaya a kunne,
shayi ya huce, Pero ya yi barci a kan silifas ɗina.
Sai ga wani yaro mai ladabi, Osian.
Ya ba ni haƙuri, ya ce tsari ne, ba yadda zai yi.
Na ce to, sai wata rana, zan koma wani gidan.
Shiru.
Ƙwas-ƙwas ɗin madannai.
Sai ga rangwamen fam tara ya faɗo daga sama.

Ashe yana nan a aljihun tebur tun tuni.
Shekara ashirin da biyu ban taɓa makara da biya ba,
ba wanda ya jawo aljihun nan domina
sai da na rataya jaka na kama ƙofa.
Sharaɗi ɗaya: sabon kwantiragi, wata ashirin da huɗu.
Ɗaurin talala.
Yaro, a saba'in da shida
ko ɗanyar ayaba sai na yi shawara nake saye.

"In kin tafi fa," ya ce a hankali,
"adireshin imel na mai gidan zai rufe."

Nan ne ƙafata ta yi sanyi.

A ciki akwai rasit na irin wake,
da doguwar rigimarsa da sakataren mawaƙan coci
kan wanda ya ɓatar da makullin zaure,
da saƙo ɗaya tak da ya taɓa aiko mini,
daga saman bene, ina ƙasa ina fere dankali:
"Kin ga tabarau na?"
Suna bisa goshinsa.

Kwana biyu ina zagaya ɗan akwatin mai ƙyafta koren ido.
Ran Juma'a na shiga laburare da sulalla a tafin hannu,
aka buga mini saƙon a takarda.
Ga shi nan jikin firji, maganaɗisu ya riƙe shi,
ba mai ƙara masa kuɗi a Afrilu.

Alhamis mai zuwa sabon kamfani zai turo mai haɗawa.
Su ma romon baka ne, baɗi za mu ji da su.
In ya tambayi kalmar sirri
zan ba shi tsohuwar,
wadda Emrys ya zaɓa, da kuskuren harafinta.
Ita kam tana nan.